Tsakanin Kwano da Silin: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shan Iskar Rufin Gida

Wanda ya taɓa ɗaga murfin silin da azahar a watan Afrilu ya leƙa kansa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Iskar da ke bugun fuska daga can ciki kamar ta bakin tanderun burodi ce. Ba wanda ke kwana a wannan sarari na tsakanin kwano da silin, shi ya sa ba a cika tunawa da shi lokacin gini ba, alhali shi ke yanke yadda za a kwana a ɗakin da ke ƙasansa. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi a kansa.

Me ya sa ɗaki mai rufin kwano yake riƙe zafi har bayan isha'i?

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa a Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram yakan haura digiri 40. Kwanon da rana ke duka kai tsaye kuwa yakan wuce 60, mai duhun launi har ya doshi 70. Shi kwano bai da kauri, rana na faɗuwa yake hucewa. Masu riƙe zafin su ne abubuwan da ya yini yana gasawa: katakon rufi, saman bangon bulo, da silin ɗin kansa, musamman na POP wanda ya fi na roba nauyi. Su ke sakin zafin a hankali cikin ɗaki har tsakar dare. In sararin a toshe yake ta ko'ina, iskar ciki ba ta da inda za ta, sai ta zame wa silin bargo.

To in na buɗe ƙofofin iska a rufin, shi ke nan ɗaki zai yi sanyi?

Zafin zai ragu, amma kada wani ya yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Hanya biyu zafi ke bi daga kwano zuwa silin. Ta farko iskar da ta ɗumama a ciki ce, ita ce ƙofofin iska ke magancewa. Ta biyu huci ne, irin wanda kake ji a fuska in ka zauna gaban murhun gawayi ko da iska na kaɗawa tsakaninka da shi. Haka kwano mai zafi yake yi wa silin, kuma a rufin kwano wannan hucin ne ya fi yawa. Iska ba ta kwashe huci. Sai dai a rage zafin kwanon da farin launi, ko a tare hucin kafin ya sauko.

Duk da haka ƙofar iska ce farkon abin yi, domin ta fi komai araha, kuma tana aikin da sauran ba sa yi. Tana busar da danshi, tana sa rufi ya huce da wuri bayan magariba, tana kuma sassauta wa katako da wayoyin lantarki.

Akwai 'yar taga a goshin ginin gidana. Ba ta isa ba?

Taga ɗaya ba ta jan iska. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sama take nema, amma ba za ta fita ba sai wata ta samu hanyar shigowa ta maye gurbinta. Dole a samu mashiga a ƙasa, wato ƙarƙashin leɓen rufi inda kwano ya zarto bango, da mafita a can sama kusa da ƙololuwa. Gwargwadon tazarar tsawo tsakanin su biyun, gwargwadon ƙarfin jan. Shi ya sa rufi mai tudu yake shan iska fiye da kwantacce.

Yaya ake lissafin girman ƙofofin?

Ma'aunin da aka fi dogara da shi daga dokokin gini na Amurka ya fito: jimillar wurin da iska za ta bi ya kai kashi 1 cikin 150 na faɗin silin. Dokar ta yarda a rage zuwa 1 cikin 300 in an raba ƙofofin, kusan rabi a sama, saura a ƙasa. Sai dai su can danshin lokacin sanyi ne babban abin da ya dame su. Mu zafi ne namu, don haka a tsaya kan 1 cikin 150, a kuma raba rabi da rabi.

Ɗauki gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10. Silinsa murabba'in mita 120 ne. Raba da 150, ka samu 0.8, wato murabba'in santimita 8,000. Mashiga ta ɗauki 4,000, mafita 4,000. In ba za su zo daidai ba, gara mashiga ta fi yawa, domin in mafita ta rinjaya, rufin zai nemi cikon iskarsa daga cikin ɗakuna ta ramukan fitila da tsagar silin.

Inda akasari ake kuskure shi ne auna ramin da aka huda, a manta cewa raga da luba (jerin fikafikai masu karkata da ke barin iska ta shiga, su tare ruwa) suna cin wani ɓangare nasa. Ragar waya mai ido milimita 6 kusan ba ta rage komai. Mai ido milimita 3, a raba girman ramin da 1.25. Ragar sauro tana cinye rabi cur. In aka haɗa luba mai kare ruwa da raga mai milimita 3, a raba da 2.25, luba da ragar sauro kuwa, kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke saura.

Ga yadda abin yake a aikace. Rami mai santimita 20 sau 40 a silin leɓen rufi murabba'in santimita 800 ne. Da raga mai milimita 3 ya koma 640. Ana bukatar bakwai, a mai da su takwas, huɗu a kowane gefe, a baza su daidai kada a tara wuri guda. Mafi kyau ma a bar tsaga mai faɗin santimita 5 tun daga farkon leɓen rufin har ƙarshensa a gefuna biyu, a rufe da raga. A gidan nan namu hakan zai ba da kusan 9,600, ya wuce bukata, kuma ko'ina zai samu rabonsa. Amma guntayen bututun roba masu inci 4 da ake cusawa a bango, kowanne kusan 80 ne kawai tun kafin a sa masa raga. Sai ka jera fiye da 50 kafin mashiga kaɗai ta cika. Huɗu ko shida da ake gani a gidaje ado ne kawai.

Wace raga ta fi dacewa?

Ta ƙarfe wadda ba ta tsatsa ko ta alminiyom, mai ido tsakanin milimita 3 zuwa 6. Ƙananan jemagu suna kutsawa ta tsagar da ba ta wuce santimita ɗaya ba, don haka a duba gefunan ragar fiye da tsakiyarta: a danne ta da siririn katako, kada a tsaya kan ƙusa kaɗai. Ragar roba rana na cinye ta, ɓera na yaga ta cikin dare ɗaya. Ragar sauro kuma ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta. Inda ake ƙona daji ko shara kusa da gida, mai milimita 3 ta fi, saboda tartsatsin wuta.

Birkila ya cike tsakanin bango da kwano da siminti. Laifi ne?

Ya yi ne don tare jemage da ƙura, niyyarsa mai kyau ce, amma ya shaƙe rufin. Ko an huda silin leɓen rufi, iskar za ta tarar da wannan cikon ta tsaya. A cire shi gurbi-gurbi, tsakanin katako da katako, daidai inda ramukan waje suke, a sa raga. Kada a taɓa wurin da aka ɗaure katakon rufi da bango.

Bango ɗaya ne ya kamata ya hau har ya taɓa kwano a toshe ruf: wanda ya raba gida da gida, ko shago da shago, a jerin gini mai rufi ɗaya. Ta cikin silin gobara ke tsallakawa daga wannan ɗaki zuwa wancan, haka ma ɓarawo. Kowane sashe a ba shi nasa ƙofofin.

Wace irin mafita ce ta fi a sama?

Ya danganta da siffar rufin.

In mai shafi biyu ne da goshi a kowane ƙarshe, taga mai luba a goshin ita ce mafi sauƙi. A kai ta can sama iyakar inda za ta iya kaiwa, a yi ta a duka ƙarshen biyu. Mai santimita 60 sau 60, da luba da raga, tana ba da 1,600; biyu 3,200 ke nan.

Ƙololuwar rufin ma mafita ce, kuma ita ta fi kowacce tsawo. Kwano mai tudu da kwari na yau da kullum, wanda zurfin kwarinsa ya kai milimita 18, yana barin kusan murabba'in santimita 90 a kowace mita ƙarƙashin dogon kwanon da ake kifawa a ƙololuwa, a kowane gefe. A tsawon mita 12 ya haura 2,000, matuƙar ba a liƙe shi da siminti ba kuma kwanukan gefen biyu ba su haɗe da juna a sama ba. Kafinta ya bar tsagar santimita 5 tsakaninsu, ya lanƙwasa bakin kowane kwari sama da filaya don ruwan da iska ta turo ya tsaya, ya shimfiɗa raga a kan tsagar, sannan ya kifa murfin da zai rufe aƙalla santimita 15 zuwa 20 a kowane gefe. Wannan lanƙwasar ita ake yawan tsallakewa, kuma ita ce ke kawo yoyo.

In mai shafi huɗu ne wanda ba shi da goshi kuma ƙololuwarsa gajeriya ce, sai a koma ga fankar nan mai kamar kabewa da iska ke juyawa, wadda ake gani a kan masana'antu da manyan ɗakunan ajiya. Mai wuya santimita 30 tana da rami kusan 700. In iska na kaɗawa tana jan fiye da haka, amma a lissafa ta da ranar da iska ta tsaya cik, domin ranar ce aka fi bukatarta. A sa ta kamar rabin mita ƙasa da ƙololuwa, tsakanin katako biyu ba tare da an yanke ko ɗaya ba. A cusa saman faifan gindinta ƙarƙashin kwanon da ke samansa, a ɗaure da sukuru masu wosha ta roba, a kuma daidaita kanta ya tsaya cak. In ya karkata, boris ɗin zai ci gefe ɗaya ya fara kuka. A nemi mai rufaffen boris saboda ƙura.

Kada a jera mafita iri biyu kusa da juna. Fankar da aka sa dab da tagar goshi daga tagar za ta ja iska, su yi ta musaya a can sama, iskar da ke kwance kan silin ba ta motsa ba.

Ba za su shigo da ruwan sama ba? Kuma ba za su sa iska ta yaye rufin ba?

Hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, musamman a farkon damina. Bangon gabas ne ke shan duka, magina na da sun san haka. Saboda haka in kana da zaɓi, manyan tagogin goshi su kalli kudu da arewa. In dole sai gabas, fikafikan lubar su hau kan juna sosai da karkata mai kyau zuwa waje, a yi mata 'yar rumfa a sama, a kuma sa faifan kwano a ciki ƙarƙashinta mai gangara zuwa waje don ya mayar da feshin da ya samu shiga. Ramukan ƙarƙashin leɓen rufi ba su da wannan matsala, tunda ƙasa suke kallo.

Batun yayewa kuwa, babbar taga a gefe ɗaya tak ita ce haɗari, domin iska za ta shiga ta rasa mafita ta tura kwano sama. In ƙofofin suna fuskantar juna, abin da ya shiga yana fita. Yawancin rufin da iska ke ɗauka rashin ɗauri ne ya ci su. Kowane katakon da ya sauka kan bango a ɗaure shi da langa-langa ko rodi da aka binne cikin kankare, a kuma ƙara ƙusa a leɓen rufi da kusurwoyi da ƙololuwa, don nan iska ke fara ɗagawa.

Rufina ɓoyayye ne, rawanin gini ya kewaye kwanon. Ta ina iska za ta shiga?

Wannan salo ya fi kowanne wahalar sha'ani: ba leɓen rufi, kwanon a kwance yake, kuma rawanin yana tare iskar da za ta shafi kwanon daga sama. A huda bangon waje tsakanin layin silin da ƙasan kwano a jera bulo mai ramuka ko luba, da raga daga ciki, a gefen da rufin ya fi ƙasa. Mafita a yi ta a gefen da ya fi tudu, ko dai a bangon ko da fanka mai juyawa wadda kanta ya zarce rawanin. Tun da tazarar tsawo kaɗan ce, jan ma kaɗan ne, don haka a yi ƙofofin su wuce lissafi. A irin wannan gida farin kwano da abin tare zafi su ne za su ɗauki mafi yawan aikin.

Ƙurar hunturu fa?

Za ta shiga, ko da ƙofa ko babu. Abin da ya dame ka shi ne kada ta sauko ɗaki, kuma maganin wannan a silin yake: a toshe tsagar da ke tsakanin silin da bango, gefen fitilu, inda ƙugiyar fanka ta ratsa, da bakin murfin shiga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar daga arewa maso gabas take zuwa. Wanda ya so ya iya rufe tagar wannan ɓangaren da allo na ɗan lokaci, amma ya tuna ya cire kafin Maris.

In sa fankar lantarki ko ta sola ta riƙa zuƙo zafin?

Sai in hanyoyin da ba sa cin wuta sun gagara. Ana lissafa kusan mita kubik 13 na iska a awa (mita kubik ɗaya ita ce cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe) ga kowace murabba'in mita ta silin, wato 1,560 a awa ga gidan misalinmu, kuma tana bukatar mashiga da ba ta gaza murabba'in santimita 2,800 ba. In mashiga ta yi kaɗan, daga ɗakuna za ta zuƙa. A gida mai na'urar sanyaya ɗaki, sanyin da ka saya da kuɗi ke nan take fitarwa waje. Ta sola ta fi ma'ana, tunda lokacin da rana ta fi zafi ne take fi gudu, sai dai tana tsayawa da yamma daidai lokacin da ake son rufi ya huce.

Me zan ƙara don in tare hucin da kuka ambata?

Launi ne na farko. Bambancin zafi tsakanin farin kwano da baƙi ko ruwan ƙasa da tsakar rana yakan kai digiri 20 ko fiye. Baƙin rufi da ake yayi yanzu yana da kyan gani a hoto, amma a Kano ko Katsina mai gida ne zai biya da gumi. Wanda bai saya ba tukuna ya ɗauki fari ko mai haske. Wanda ya riga ya rufa, ya wanke kwanon, ya kankare tsatsa, ya sa fentin farko mai kama jikin kwano, wanda ya dace da irin kwanon, sannan farin fentin rufi shafi biyu. Farar ƙasa ma tana aiki, sai dai damina ɗaya ke wanke ta. In ana tarar ruwan rufin don sha, a tabbatar fentin ba shi da dalma.

Na biyu takardar alminiyom mai ƙyalli, wadda ke tare kusan kashi 95 cikin 100 na huci. Sharaɗinta shi ne fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari, aƙalla santimita 2.5, in ta manne da wani abu ta zama banza. A ƙasarmu a kafe ta ƙarƙashin katakon da ke ɗauke da kwano, ƙyallin na kallon ƙasa. Wasu na ganin ai sama ya kamata ta kalla, amma abin da ba ya karɓar huci ba ya kuma fitar da shi, don haka aikin ɗaya ne, kuma fuskar da ke kallon ƙasa ƙura ba ta kwanciya a kanta. In aka shimfiɗa ta a kan silin, hunturu biyu sun isa su dusashe ta. A bar santimita 10 zuwa 15 a buɗe a ƙasa da can sama don iska ta ratsa bayanta. Kuma tana ɗaukar lantarki, kada ƙusa ta haɗa ta da waya.

Na uku audugar gilashi, wato bargon zaren gilashi mai hana zafi ratsawa, mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a shimfiɗe kan silin, ba giɓi, ba a danne ta ba. A gefen bango a bar aƙalla santimita 2.5 tsakaninta da kwano, in ba haka ba ta toshe mashiga. A nesanta ta kamar santimita 8 daga fitilun da ake nutsawa cikin silin. Ƙaiƙayin shinkafa da garin katako suna tare zafi, gaskiya ne, amma gayyatar gara da ɓera da gobara ne.

Faifan sola da aka ɗora da tazarar santimita 10 zuwa 15 daga kwano shi ma inuwa ne ga wurin da ya rufe.

Silin yana tabo da damina, amma kafinta ya duba ya ce ba yoyo. Mene ne?

Mai yiwuwa gumin kwano ne. Da dare in gari ya washe, kwano yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, sai raɓa ta taru a cikinsa ta ɗiga. An fi ganin haka a Jos da garuruwa masu danshi irin su Kumasi da Legas, amma a Agusta ko'ina yana faruwa. Ana gane shi da cewa da asuba yake ɗiga ko ba a yi ruwa ba, kuma tabon a baje yake, yana bin layin katako. Yoyo wuri ɗaya yake bi, bayan ruwa. In an bar shi, POP zai yi fumfuna, katako ya ruɓe, gara ta samu abin da take so. Iska mai ratsawa tana busar da shi, amma a nemo inda danshin ke fitowa: tankin ruwa marar murfi a cikin silin, bututu mai tsiyaya, ko banɗaki.

Fankar banɗaki da ta kicin, a cikin silin suke hurawa. Da matsala?

Babba. Tururin wanka ne kake zuba wa katako, na kicin kuma har da maiƙo mai kama wuta. Kowacce a ja mata bututu har waje ta bango, kuma bakinsa ya yi nesa da ramukan mashiga don kada abin ya koma ciki. Haka bututun numfashin masai: ya ratsa kwano ya fita sama.

Janareta ma kada a ajiye shi ƙarƙashin leɓen rufi mai ramuka. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, kuma rufin da ke jan iska zai ja ta. A kai shi aƙalla mita 6 daga gida, salansa na kallon waje.

Zafin cikin silin yana cutar da wayoyin wuta?

Ƙwarai. Ƙarfin da aka rubuta wa waya mai rigar PVC an auna shi ne a zafin digiri 30. A digiri 50 kashi 71 cikin 100 na wannan ƙarfin kawai take iya ɗauka lafiya, a 60 kuwa rabi. Wayar da ta isa hita ko na'urar sanyaya ɗaki a takarda, a cikin toshen rufi tana iya gazawa, rigarta ta bushe ta tsattsage. Mai wayarin ya ƙara kauri ga layukan da ke ɗaukar kaya masu nauyi, ya sa su cikin bututu, haɗi kuma ya kasance cikin akwati mai murfi. Kada waya ta taɓa kwano. Batir da inbata ba wurinsu ba ne can.

Jemagu sun riga sun tare a ciki. In toshe kawai?

A'a, za su mutu a ciki, warin ya kore ka daga ɗakin. Tsaya a waje kafin magariba kwana biyu ka ga inda suke fita. Toshe duk sauran ramukan, ka bar babban. A kansa rataya raga da aka kafe ta sama da gefuna, ƙasanta a sake ya zarce ramin da kamar rabin mita: za su sulale su fita, su kasa komawa. Bayan mako guda a rufe. In ka haska ka ga 'ya'yan da ba su fara tashi ba, jira su girma. Kada a yi musu hayaƙi, gidaje sun ƙone ta haka.

Kashinsu kada a share shi a bushe. Yana iya ɗaukar wani nau'in fumfuna da ke kama huhu. A fesa ruwa kaɗan, a sa takunkumi mai lamba N95 da safar hannu, a kwashe cikin leda. Kashi da fitsarin ɓera ma haka, saboda zazzaɓin Lassa.

Ɗakina soro ne na ƙasa, na ɗora masa kwano a sama. Shi ma yana bukata?

Wannan haɗin yana cikin mafi kyawu, in an bar tazara a buɗe: kwano laima, ƙasa kuma ba ta barin zafi ya ratsa da wuri. A bar aƙalla santimita 20 zuwa 30 a gefen da ya fi ƙasa, da raga kewaye. In aka liƙe, danshi zai zauna, gara ta ci azara ba wanda ya gani. Kada a toshe tsohon indararo.

Ta yaya zan san aikin ya yi?

Rataya ma'aunin zafi kamar santimita 30 sama da silin, ka yi masa laima da guntun kwali don hucin kwano kada ya ruɗe shi. Karanta tsakanin ƙarfe 2 da 3 na rana, ka gwada da na inuwar waje. Yi haka kafin aiki da bayansa. Abin nema shi ne bambancin ya sauko zuwa wajen digiri 10. Ƙarƙashin baƙin kwano da wuya a kai nan. Gwaji na biyu daga waje ake yi: kunna turaren tsinke ka riƙe ƙarƙashin ramin mashiga da rana in iska ta lafa. Hayaƙin ya kamata ya shige ciki. In ya tsaya ko ya dawo, mafita ta toshe ko ta yi kaɗan.

Sau nawa ake dubawa, kuma yaya ake shiga lafiya?

Sau biyu a shekara: ƙarshen hunturu, a goge ragogi da buroshi a wanke kwano, sai bayan ruwan farko ko na biyu, a nemi tabo da sheƙar tsuntsu da gidan rina. Murfin shiga ya kai santimita 60 sau 60. A shiga bayan asuba, a fito kafin ƙarfe 10 na safe. Zafin cikin da rana yana sumar da ƙato. A kashe wutar gidan daga babban makunni, har da ta inbata, a riƙe tocila, wani ya tsaya a ƙasa wurin tsani. Manyan katakai kaɗai ake takawa ko allon da aka gitta a kansu, domin ƙananan da ke riƙe silin ba sa ɗaukar mutum.

In silin ɗin tsohon allon asbestos ne, kada a yanka shi da zarto ko injin, kada a huda shi a bushe, don ƙurarsa tana jawo cutar dajin huhu bayan shekaru. In ana son rami a wurin, a jiƙa allon, a zare ƙusoshinsa, a sauke shi ɗungurungum ba tare da ya karye ba, a naɗe shi cikin leda mai kauri, a maye gurbinsa da allon roba ko filawud wanda aka riga aka huda aka sa wa raga a ƙasa.